Koriyar Tutar Kaka Bawa

"Da gida? Ke matata, yau gaisuwar miji ma ba ta da amsa?"

Muhsina ba ta ɗago ba. Tun hantsi take zaune a zauren kakanta a Kaura Namoda, kwamfuta a cinya, zufa na bin goshinta. Wasu masu matsar man gyaɗa ne ke neman wanda zai yi musu zane mai motsi a shafinsu na intanet, kuma da la'asar za su rufe karɓa. In ba ta samu aikin nan ba, sai komawa Kurya Madaro, inda ta baro don tsoron 'yan bindiga.

"Tsoho, ka bar ni. Mijin da haƙoransa huɗu, wa ka amsa mai?"

"Biyar na! Kawo in ga abin da ad ɗauke min mata."

Kaka Bawa ya shekara talatin yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta, kuma har gobe gani yake duniya duka tasha ce. Ya ƙura wa allon ido. Gyaɗa na tsalle, kwalba na juyi, haruffa na shawagi, taurari na walƙiya.

"Subhanallahi! Wagga kasuwa ta, an ce ga 'yan bindiga nan tahe?"

"Ado na, Kaka. Kai mi ka sani? Wayarka ko hoto ba ta ɗauka."

"To mi suka saidawa?"

"Ba ka gani ba?"

"Na ga gudu dai. Ban ga kaya ba."

Ta sake duban allon. Mako biyu ta yi tana ƙara motsi a kan motsi, ga shi tsohon bai ma san mai ake talla ba.

"Ni da tuta guda nika tsai da jirgi mai tarago ashirin," in ji shi. "Sau guda zan ɗaga, in tsaya cik. Da na riƙa rawa irin ta gyaɗarki, da direba ya biyo ta kaina, da yanzu ke bazawara ta."

"Da na huta da wankin rigunanka."

Baki na musu, hannu kuwa na gogewa. Ta kashe taurari, ta zaunar da gyaɗa, ta ɗaure haruffa wuri ɗaya. Ta bar ɗigon mai guda: ya sauko a hankali, ya faɗa kwalba, komai ya tsaya.

Tsoho ya matso kusa da allon. "Sake." Ta sake. "Man gyaɗa na! Wallahi har na ji ƙamshi."

Ladan ya fara gyaran murya a lasifika. Ta danna aikawa, sabis ya shiga kewaye-kewayensa, ita kuma tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Da tsohon zanen ne, nauyinsa kaɗai ya isa ya kai su magariba. Wannan kuwa sai ya wuce.

"To, ka ci, tsoho," ta ce. "Amma in ba su ɗauke ni ba hwa?"

Ya kwance ƙyallen da yake naɗe goronsa, koren yadi da ya koɗe, ya kakkaɓe ya miƙa mata.

"Jar tutar na bar musu a tasha. Wagga ita aka ɗagawa in hanya ta buɗe. Riƙe, kuma ban sake ki ba."