Ranar da Na Yaba wa Furen Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka turo ni Yankara a matsayin malamin gona ba, ko da kuwa na so in manta. Lokacin kuɗin fetur sun fara zubowa, gwamnati ta jibge mana buhunan takin zamani, ni kuma ga sabon babur, ga biro uku a aljihun gaba (ɗaya ne kawai ke rubutu). Gani nake duk ƙasar Faskari babu wanda ya kai ni sanin tsiro.

Matsalata ɗaya ce, manoma sun ƙi takin. Cewa suke gishirin Bature ne, ƙona gona yake yi. Aka ba ni shawara in shawo kan wani Alhaji, babban manomin da kowa ke bin sawunsa, in ya karɓa an gama. Na roƙa, ya yarda ya tara mini dattawa a sabon falonsa ranar kasuwa.

Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, babu wanda ya ko gyaɗa kai. Can sai idona ya faɗa kan wata shuka a lungu, cikin tukunyar ƙasa, ganyenta kore shar, ga jajayen furanni. A bazara fa, lokacin da ko akuya ba ta samun ɗanyen ganye. Na ce a raina Allah Ya kawo mini hujja.

Na miƙe, na tsaya a kanta kamar likita. Na ɗebi ƙasar tukunyar na murza (ƙasa ce ta gaske, wannan kam ban yi kuskure ba). Na ce wa dattawa su dubi ikon Allah, ko ba a faɗa mini ba na san takin zamani aka zuba wa wannan shuka, don kashin shanu ba ya ba da irin wannan kore. Har sunanta na faɗa da Turanci, sunan da ni ma a nan na fara jin sa. Na ƙara da ba Alhaji shawara a riƙa fitar da ita rana da hantsi.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce, "Malam, da dai ka zamna."

Ina! Baki ya riga ya yi zafi. Na ce bari in tsinko ganye ɗaya su ga ruwan da ke jikinsa. Na murɗa, ya ƙi. Na sa farce, ya ƙi. Da na fizga da ƙarfi sai ya fito ɗungurungum, da ɗan rami a gindinsa, wayar ƙarfe tsirara tana kallona.

Alhaji ya miƙo hannu a hankali ya karɓi ganyen, ya hure ƙurarsa, ya mai da shi gurbinsa, ganyen ya zauna ɗas.

"Wanga abu roba ne, Malam. Hajiya ta taho da shi daga Makka. Ƙasar don kada shi hwaɗi ce. Ran Juma'a ake wanke shi da sabulu."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Wani tsoho ne kawai ya tambaya cikin ladabi, ko takin nawa ma dawar roba yake fiddawa.

A daminar nan buhu ko ɗaya bai fita ba, sai suna da na samu, Malamin Roba. Sai da na nemi aron 'yar gona a bakin hanya, na yi noma da hannuna damina biyu, kafin Alhaji ya aiko a kai masa taki.

Yau shekaruna sun ja, na yi ritaya, amma ko zogale aka nuna mini aka ce me na gani, sai na tsinka na sansana tukuna, kana in buɗe baki.