Misalan Mushe Sanda

A wani ƙauye na ƙasar Tasawa an yi wani mutum, Barmo. Gidansa shi ne da matarsa Tabawa da akuya ɗaya. Barmo ba mugu ba ne, sai dai magana in ta shiga kunnensa ba ta lanƙwasawa. Tabawa ta gaji da yawon neman mai karanta mata takardun asibiti, ta tura shi ajin manya koyon Faransanci wajen wani malami, Mushe Sanda, wato Malam Sanda a Faransance. Ta ce wa Barmo, "Malam, in aka kore ka, ka nemi inda za ka riƙa cin tuwo." Barmo ya riƙe wannan gam, don tuwon Tabawa ba abin wasa ba ne.

Wata rana Mushe yana koyar da yadda ake faɗin abin da ya riga ya faru. Ya rubuta misali a allo, ya fassara: "Jiya jakina ya mutu." Barmo ya sunkuyar da kai, abin ya taɓa shi ƙwarai. Kashegari da sassafe Mushe ya fito ya tarar da dattawa bakwai a ƙofar gidansa, sun zo jaje. Ya ce, "Ni fa ba ni da jaki!" Barmo ya ce, "Mun sani, Mushe. Sai haƙuri."

Wata rana aka shiga darasin abin da bai faru ba, wanda sai da sharaɗi. Mushe ya ce da Faransanci ƙarshen kalmar ne ke canzawa, ya ba da misali: "Da ina da saniya, da na ba Barmo." Barmo ya koma gida ya kafa turke, ya yanko ciyawa dami biyu, ya zo ya zauna a ƙofar Mushe da igiya. Mushe ya ce, "Cewa na yi da ina da ita." Barmo ya ce, "Ba gaggawa nake ba." Kwana uku yana nan zaune, har Mushe ya koma fita ta bayan gida. A na huɗu ran Mushe ya ɓaci, ya ce, "Na farko ya faru, na biyu bai faru ba, kuma duka misali ne! Ka sake yi min irin wannan, ka bar ajina."

Wata rana da damina misalai suka ƙare wa Mushe. Ya ɗaga kai ya dubi azarar ajin, wadda gara ta daɗe tana sha'ani da ita, ya rubuta: "Da za a yi ruwa mai ƙarfi, da rufin nan ya faɗi." Kowa ya kwafa. Barmo ma ya kwafa, ya kuma dubi rufin.

Ranar jarrabawa hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Mushe ya iso da ɗalibai talatin, suka tarar da aji wayam. Barmo ya kwashe bencina da allo zuwa zauren mai gari, ya ɗaure ƙofa da igiyar saniyarsa, ya zauna a bakinta. Mushe ya ce, "Buɗe." Barmo ya ce, "Kai ka rubuta, Mushe." Mushe ya ce, "To, na kore ka." Barmo ya tuna tuwo, idanunsa suka kawo ruwa, amma bai tashi ba. Da yayyafi ya fara, dole kowa ya ruga zaure.

Ba a gama tambaya ta biyu ba aka ji rugugi. Da ruwa ya tsagaita suka fito, suka ga rufin ajin kwance a ƙasa, laka da azara daidai inda bencina suke a da. Barmo na tsaye gefe, jiƙe sharkaf. Mushe ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Da muna ciki, da mun mutu."

Barmo ya ɗaga hannu. "Mushe, wannan na biyun ne. Bai faru ba."

Mushe ya ba shi maki cikakke a nan take, ya mayar da shi bencin gaba. Daren nan Tabawa ta ƙara masa malmala. Tun daga ranar Mushe bai sake rubuta misali ba sai ya yi dogon tunani. Barmo kuwa ya tono igiyarsa daga cikin lakar, ya wanke, ya rataye ta a turke.