Ni da Ƙofar Aji Uku

Ba zan taɓa mantawa da ƙofar aji uku ba, ko da zan manta sunana. Lokacin ina sabon malami a wata firamare a Bodinga, zamanin farar hula da aka shiga tsuke bakin aljihu, alli ma sai an karya shi biyu. A nan na haɗu da Malama Asabe, na kamu da sonta har abinci ya daina yi mini daɗi.

Abokina Bello, wanda ya ɗan leƙa Kaduna ya dawo yana jin kansa Bature, shi ya kai ni ya baro. "Rawar jiki ta yi maka yawa," in ji shi. "Ka riƙa yin kajuwal." Wai kalmar ta haɗa sakin jiki, shiga marar takura, da nuna kamar ba ka damu ba. (Ni da ban taɓa fita ba hula ba, ranar na rataye ta.)

Wata safiya Asabe ta tsayar da ni a baranda, tana wasa da bakin mayafinta. "An maishe ni gida Shagari. Baba ya ce in akwai mai magana, shi taho shi gan shi."

Wallahi ji na yi kamar in ruga Shagari da ƙafa. Amma na tuna Bello. Na zuba hannuwa a aljihu, na harɗe ƙafa, na ce, "To, ba laihi." Sannan na jingina da ƙofar aji uku, wadda kowa ya san ƙusa ɗaya ke riƙe da ita.

Ni da ƙofa muka tafi ciki gaba ɗaya, rigingine, hannuwana maƙale a aljihu. Yara kuwa, da yake sun horu, suka miƙe tsaye: "Gud monin sa!"

Ba ta yi dariya ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. "Sannu, Malam," kawai ta ce, ta wuce.

Kunya ta hana ni zuwa har damina ta fita. Ranar da na ari babur na isa, da hula da babbar riga, mahaifinta ya dube ni da tausayi. "Ai ta jira ka, ɗana. Wani malamin asibiti na Lambara ya zaka neman aurenta, jikinai har rawa yakai."

Har yau in na bi ta Shagari nakan rage gudu, ina kewarta. Abin da na koya dai: in ana sonka, fitar da hannu daga aljihu. Ko ba komai, ka samu na dafa ƙasa.