Wutar da Ta Kauce wa Duwan

Duk Madarumfa, in aka zo maganar ilimin wuta, sai a yi shiru a saurari Mansur. Ko ba a yi shirun ba ma, shi zai yi ta bayani har kowa ya gaji. Wata uku cur ya yi a Maraɗi yana riƙe wa masu kafa wutar rana tsani, ya dawo gida da farin tabarau da sabon suna: Injiniya. Masunta, da yake ba su san darajar manya ba, suka ƙara masa da Sha-Biyu, don kullum zancensa wutar bolt sha biyu ko ƙadangare ba ta kashewa.

Yayarsa Bushira sana'arta kifi. Shekara da shekaru tana kallon rana tana ɓata mata kaya kafin 'yan sari su iso daga Maraɗi. Da ta gaji, ta sayar da tumakinta kaf, ta sayo pano na ɗaukar hasken rana da batiri da firigo na sanyaya kifi. Duk abin da ta mallaka a duniya yana cikin kwalayen nan. Mai shago ya ce ta jira Zahara'u, wadda ta yi karatun aikin, za ta zo jibi.

Da Injiniya ya ji, ransa ya ɓaci matuƙa.

"Yaya, ina raye a garin ga ki jira wata yarinya? Mi ta sani da ban manta ba?"

Bushira ta yarda, don ɗan'uwa ne, kuma don in ba ta yarda ba ba zai tafi ba.

Ya tara maƙwabta tukuna, saboda gwaninta ba ta daɗi in babu 'yan kallo. Ya ɗaga ɗan akwatin da ke daidaita wuta tsakanin pano da batiri, ya juya shi kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Kun ga wanga? Duwan ne, ɗan kwastan. Wuta ta taso daga sama, ya tare ta, ya ciri rabonshi. Mu mutanen iyaka za a koya wa hanya? Wa ya taɓa zuwa Ɗan Issa ya bi ta gaban duwan alhali ga hanyar daji?"

Aka yi dariya, wasu har da gyaɗa kai, don maganar ta zauna musu. Ya ajiye akwatin gefe. Ɗan abin nan da ke tsinke wuta in ta yi yawa, shi ma ya ce yaron duwan ne, ya cire. Wayar mai kauri da aka haɗo da kayan ya ce almubazzaranci ce, ya kawo siririya ta tsohuwar rediyo. Inda ta gaza ya ƙulla, ya naɗe da leda. Batirin kuwa ya girke shi cikin rumfar zana, jikin buhunan gyaɗa, wai don ya sha inuwa.

Firigo ya yi ƙugi ya tashi. Bushira ta cika shi da kifin kwana biyu, har da hawayen murna.

Kwana na uku da azahar wari ya tashi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Batiri ya kumbura yana tafasa. Aka kira Injiniya, ya shinshina, ya ce alamar ƙoshi ce. Bai rufe baki ba ledar ta narke, wayoyi suka haɗu, zana ta kama. Shi ne na farko a waje, kuma a gaskiya ya nuna iya gudu.

Mata suka kashe wutar da yashi. Rumfa ta tafi, gyaɗa ta tafi, firigo ya zama baƙin akwati. Bushira ta zauna a ƙasa tana kallon kifinta, ko kuka ta kasa. Ni dai abin ya ba ni tausayi, don matar nan ba ta ci amanar kowa ba.

Da Zahara'u ta iso ta duba wayar, sai ta ce, "Inna, ki gode Allah da rana ne, kuma kowa ya samu fita."

Injiniya ya gyara murya daga bayan jama'a.

"Laihin rana ne. Ranar Madarumfa ta fi ƙarfin kayan Turai, na sha faɗi."

Bushira ba ta ko dube shi ba. Ta juya ga matarsa Fati, wadda ta zo jaje.

"Fati, ku haka ya haɗa muku taku a gida?"

Fati ta gyara goyo. "Mu ai fitilar hannu muke kunnawa, Yaya. Ya ce shi ba ya kwana gida ɗaya da abin da ya haɗa, akwai yara."