Tazarar Yatsu Biyu

Wani ne a Kafanchan, mai tumbi, irin tumbin nan da ke riga mai shi shiga ɗaki ya gama gaisawa da mutane kafin shi ya iso. Yana da wata tsohuwar mota Golf da yake kai citta Kachia da ita.

Sai samari suka share wani fili a bayan gari, suka ce Litinin ɗin Ista za a yi tseren motoci. Hanya ce miƙaƙƙiya, daga tuta zuwa gindin wani mangwaro. Wanda ya ci, nasa ne ƙaton alade.

Mutumin naku ya ji alade. Bai yi shawara da kowa ba, ya miƙe a taron zumuntar maza na coci ya ce, "'Yan'uwa, Litinin da yamma kowa ya zo gidana da yajinsa. Nama a kaina."

Aka yi tafi. Wani dattijon ikilisiya har ya sa masa albarka.

Da ya koma gida ya buɗe waya, ya ga wani Bature kwance a gaban motar tsere yana ta bayani. Turancin ya yi masa gudu, amma ya kama abu ɗaya: motar tsere gabanta a ƙasa yake, kuma Baturen ya cusa yatsu biyu tsakanin taya da bodi ya gyaɗa kai.

Da safe sai garejin Yafet bakanike.

"Yafet, gaban motar nan ya cika girman kai. Sauke mini shi."

"Oga, in sauke shi yaya?"

"Yanke sifirin ɗin tayoyin gaba. Yatsu biyu nake so tsakanin taya da bodi."

Yafet ya dubi hannun mutumin, yatsu kamar ayaba. Ya ce, "Yatsun wa? Naka ko na mutane?"

"Nawa mana! Kai ne za ka tuƙa?"

Yafet ya ɗaga mota a jak, ya kwance sifirin na hagu da na dama, ya yanke zobe ɗaya ɗaya, ya mayar. Ya ce, "Oga, shiga ka zauna. Da direba a ciki ake aunawa."

Mutumin ya shiga. Mota ta yi ƙara, ta durƙusa.

"Yauwa," in ji Yafet. "Ya yi daidai, cif."

Mutumin ya fito ya gani da idonsa. Yana sauke ƙafa, mota ta yi ajiyar zuciya ta miƙe. Ya sa yatsu. Huɗu suka shige, har da sauran wuri.

"Yafet! Ƙarya a makon Ista?"

"Oga, da kana ciki ya sauka."

"To me ya sa ban gani ba?"

"Don kana ciki."

"To ga ni a waje. Ina saukar?"

"Ai ka fito, oga."

Mutumin ya dubi Yafet, ya dubi mota. Ya ce, "Bakinku ɗaya kai da ita. Ƙara yankewa."

Aka ƙara. Ya shiga, taya ta sumbaci bodi. Yafet ya ce, "Oga, yanzu ko reza ba zai shiga ba." Ya fito, yatsu uku.

Nan mutumin ya gane motar munafuka ce, sai da dabara. Ya koma ciki ya zauna shiru. Ya rufe ido kamar mai barci. Ya yi ɗan minshari. Ya shiga rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa don ta saki jiki. Can sai ya banko ƙofa ya yi wuf zai kama ta a durƙushe. Tumbi ya maƙale a sitiyari, hon ya ɗauka, kajin unguwa suka watse. Kafin ya ƙwaci kansa ya zagayo, tana nan tsaye abinta kamar ba ita ba.

"Ka gan ta ko? Ka ga halinta?"

"Oga, nauyinka ne."

"Nauyina ya shiga tsakanin taya da bodi? Yanke! Kuma na dama ya fi na hagu tsawo, daidaita su."

Aka yanke na dama, na hagu ya fi tsawo. Aka yanke na hagu, na dama ya ɗaga kai. Haka aka yi ta yi har Yafet ya ɗago abin da ya rage a tafin hannu ya ce, "Oga, wannan ko a cikin biro aka sa shi ba zai yi aiki ba."

Amma da aka mayar, mutumin ya tsaya a waje ya cusa yatsu. Biyu, cif. Ya yi murmushi ya ce, "Ka ga abin da ilimi ke yi?"

Ranar tsere ya hau titi. Gaban mota na kartar kwalta, tartsatsi na tashi, mutane na kaucewa suna cewa ga mai walda na tafi-da-gidanka. Haka ya isa fili. To, an yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi. 'Yan zumunta sun yi layi a bayan motarsa, cikin fararen kaya, kowa da ƙullin yaji a aljihu.

Malam Meshak, wani malamin makaranta, shi ne alƙalin tsere. Ya tsaya can gindin mangwaro da igiyar alade a hannu, ya busa usur.

Motoci suka tashi. Ta mutumin naku ta kafa hanci a laka. Ya taka totur, tayoyi na juyawa a wuri ɗaya, taɓo na feshin 'yan zumunta. Dattijon da ya sa albarka ya sami rabonsa a baki.

"Ku tura mana!"

"Mu tura me? Ai shuka ta ka yi!"

Ya ga alade na neman kufce masa. Ya jawo bulon da yake tare taya da shi, ya ɗora a kan totur, ya bar ta a giya, ya fito zai tura da kansa.

Yana fita, mota ta miƙe.

Ta tafi.

Ya tura iska, ya faɗi rub da ciki. Ya tashi ya bi ta da gudu yana ihu, "Ku tare ta! Ku tare ta!" 'Yan kallo suka zaci kirari yake mata, suka ɗauki shewa.

Direban da ke baya ya waiga ya ga mota na wuce shi, babu kowa a kujera. Ya ce, "Jinin Yesu!" ya danna birki. Na gabansa ya leƙa, ya saki hanya ya faɗa gonar doya. Wanda ke kan gaba, saura ƙiris ya ci, ya kashe mota ya fito ya durƙusa yana roƙon gafarar zunubansa da ƙarfi, har da waɗanda matarsa ba ta sani ba.

Golf ta wuce mangwaro ita kaɗai. Ba ta tsaya ba. Ta keta ciyawa, ta nufi duwatsun Kagoro.

Can sai ga mutumin ya iso, taɓo har gira, takalmi ɗaya, numfashi kamar zugazugi. Ya cafki igiyar alade. Malam Meshak bai saki ba.

"Malam Meshak, tsakaninka da Allah, motata ta ci ko ba ta ci ba?"

"Ta ci, Baba. Kowa ya gani."

"To sakar mini igiya, ga baƙina can suna jira."

Malam Meshak ya kare ido da hannu, ya hangi daji inda ƙarar injin ke ƙara nisa. Ya ce, "Ai ba mu hana ba, Baba. In ta dawo, ka ce ta zo ta karɓi kayanta."