Yadda Za Ka Shata wa Surukinka Filin Taƙamar Doki Alhali Ba Ka Iya Ba

Bi matakan nan, na ba ka tabbacin surukinka zai daina ce maka "mijin Chizuru", ya kira ka da suna. Na gwada a Yamanashi ta ƙasar Japan, ga ni da raina.

1. Ɗauki alkawari. Surukin naka, Tsoho Kuramochi, shekara saba'in da ɗaya, zai shiga gasarsa ta ƙarshe a kan Daifuku, dokin da ya fi ka daraja a gidan. Mai shata fili yana kwance da ciwon baya. Rusuna ka ce, "Baba, bar mini." Idan matarka ta ce, "Kai da ko labule ba ka iya ratayawa daidai?" yi mata murmushin masana.

2. Auna. Faɗi mita ashirin, tsawo sittin. Igiyar awo ta masu shakka ce. Yi da taku. Ƙafar mai digiri ba ta ƙarya.

3. Jera allunan haruffa a gefen fili. Harafin A ƙofar shiga ce, C mazaunin alƙaliya, sauran ka kwafa daga takarda. Kada ka tambayi abin da ya kawo K kusa da A. Masu tambaya ake ganewa.

4. Ja layin tsakiya. Nan ake yin ta. Daga A zuwa C yake, a kansa mahayi ke shigowa, ya tsaya cak a tsakiyar fili, ya gaida alƙaliya. Wasu igiya suke ɗaurawa. Kai saita hular alƙaliya, Madam Onodera, ka ja manjagara. In ta tashi neman shayi, bi hular. Ladabi ke nan.

5. Yi kallo. Mahaya goma sha ɗaya za su bi layinka tiryan-tiryan, don a nan ba a saɓa wa layi, su tsaya su gaida tukunyar fure maimakon alƙaliya. Maki zai yi ta zubewa. Sai ga Daifuku, shekara goma sha biyar yana wannan aiki. Zai dubi layinka, ya hura hanci, ya miƙe ta tsakiyar gaske. Kada ka suma tukuna.

6. Nemi gafara. Tsoho zai nufo ka rungume da kofin nasara. Sunkuya har goshi ya sha yashi.

"Wa ya ja wancan macijin?"

"Ni ne, Baba."

"Da gangan?"

Chizuru za ta taka maka ƙafa. Kada ka ƙaryata.

"Ashe kana da amfani, Tatsuro. Na fasa ajiye sirdi. Baɗi ma kai za ka ja."

A kula: ba ruwana da mutum goma sha ɗayan da ke jiranka a wajen ajiye motoci, kowa da bulalarsa. Mai ƙorafi ya kai wa Daifuku. Game da sunan kuma, suna na ce, ban ce naka ba. Ni ma ba Tatsuro ba ne. Shekara huɗu ke nan ina amsawa.