Gudun Ceton Rai da Farar Riga

Wani ne aka tura shi wata ƙasa karatun likita. Kai kam akwai shi, ƙasusuwan jikin mutum duk ya haddace su, har ƙananan nan na cikin kunne. Yaren da ake koyarwa da shi yana ji, amma yaren mutanen garin ya gagare shi. Shekararsa uku, abin da ya iya bai wuce ƙirge da "na gode" ba. Ko taka shi ka yi a mota, na gode zai ce maka.

Suna da wani farfesa, ɗalibai na kiransa Ba-sani-ba-sabo. Ran nan ya shigo aji ya ce ranar Lahadi za a yi gudun fanfalaki a gari. Kowane ɗalibi sai ya halarci tantin agajin gaggawa da ke ƙarshen hanya, a sa masa hannu a littafinsa. Wanda bai samu sa hannu ba, babu shi babu jarrabawa, sai dai ya maimaita shekara.

Mutumin naku, wanda bai san mene ne gudun fanfalaki ba, ya tafi allon sanarwa rubuta suna. Ya tarar da takardu biyu, duka an rubuta su da yaren gari. Ɗaya sunaye kaɗan, ɗaya ta cika har baya. Ya ce a ransa, inda jama'a suka fi yawa nan alheri yake. Ya rattaba sunansa a wadda ta cika, ashe ta masu gudu ce.

Ranar Lahadi ya fito tsaf: farar riga ta sha guga, takalmi sau-ciki yana ƙyalli, abin awon ƙirji a wuya, jakar magani a kafaɗa, littafin sa hannu a aljihu. Aka duba sunansa, aka manna masa lamba a ƙirji, aka tura shi cikin dubban mutane masu gajeren wando. Ya dube su ya girgiza kai. "Marasa lafiyar tun yanzu har sun tuɓe," in ji shi.

Yana cikin neman wanda zai nuna masa tanti, sai ya ji ƙarar bindiga. Tau.

Gaba ɗaya jama'a suka zuba a guje. To, ranar da zai bar gida, nasiha ɗaya babansa ya yi masa: "In ka ga mutane suna gudu, bi su. Tambaya sai an tsira." Mutumin naku ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ya duba dama, 'yan sanda sun tare hanya. Ya duba hagu, motocin asibiti a jere. Sama kuma jirgi mai saukar ungulu yana shawagi. Ya ce lallai yau gari ya ɓaci. Ya ga wani lungu zai kutsa, ɗan sanda ya daka masa tsawa ya maido shi kan titi.

"Ashe can ma ba lafiya. Na gode."

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne mutanen da ke tsaye a bakin hanya, har da masu goyo, suna ta tafi. Ya riƙa yi musu nuni da hannu biyu su gudu. Su kuwa suka ga likita da jaka yana ɗaga musu hannu, suka ƙara tafi, wasu har da ɗaukar hoto.

Ya cim ma wani tsoho yana haki. Ya nuna masa baya, ya buɗe hannu alamar tambaya, wato mutum nawa abin ya rutsa da su. Tsoho ya zaci nisan da aka ci yake tambaya, ya nuna masa wani allo a gefen titi. An rubuta goma.

"Mutum goma. Allah ya ji ƙansu."

Can gaba ya ga wani allon, sha biyar. Can kuma ashirin. Ya ce abin nan bin mu yake yi, kuma ba ya gajiya. Ya ƙara mai. Abin awon ƙirji na dukansa a haɓa, kwalaben magani na kacau-kacau a jaka. Aka miƙo masa ruwa a kofi, ya shanye, ya tsaya zai mayar da kofin, ya ga kowa jifa yake yi da nasa. Ya ce lallai tashin hankali ya kai, tunda har an daina ladabi.

Da allo ya nuna talatin, ya ga dai ba lallai ya kai labari ba. Ya lalubo waya ya kira gida.

"Umma, ki yafe mini duk abin da na yi miki."

"Lafiya kake haki haka?"

"Gudu muke yi. Duk garin."

"Wa ya biyo ku?"

"Ban waiwaya ba, Umma. Baba ya ce tambaya sai an tsira."

"To kai me ka yi musu?"

"Wallahi sunana kawai na rubuta."

"Ai ga irinta nan. Sau nawa zan ce maka ka daina sa hannu a abin da ba ka karanta ba? Wane takalmi ne a ƙafarka?"

"Sau-cikin nan."

"Sabon? Cire shi ka riƙe a hannu."

Ya cire ya riƙe. Haka ya ƙarasa da safa, yana lissafa sunayen tsokokin da suka daina yi masa biyayya ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa mai furfura ta zo ta wuce shi, har da dafa masa kafaɗa. Ya ce, "Na gode."

A allo na arba'in da biyu ya ga an tsaya. Wata ta rataya masa lambar yabo a wuya, ya zube nan take. Mutum huɗu suka kinkime shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, suka shiga da shi wani farin tanti. Yana buɗe ido ya ga 'yan ajinsu sun kewaye shi, ɗaya na neman jijiya zai sa masa ƙarin ruwa. A kansa kuma ga Ba-sani-ba-sabo tsaye da biro.

Mutumin naku ya ce, "Farfesa, kai ma ka tsira? Wa ya yi harbin?"

"Alƙalin wasa ne ya yi harbin. Tsere aka yi, babu wanda ya biyo kowa."

Mutumin naku ya dubi safarsa da ta zama tsumma. "Duk mutanen nan, haka kawai?"

"Haka kawai. Kai kuma tun safe nake kiran sunanka. Awa biyar ba ka nan. Sai mu haɗu baɗi."

Mutumin naku ya sa hannun da babu allura a aljihu, ya zaro littafin nan ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya buɗe shafin, ya bi layin da yatsa, ya miƙa.

"Farfesa, nan cewa aka yi ɗalibi ya halarci tanti. Nuna mini inda aka ce a tsaye ko a kwance."